Lamba Shida a Wayar Yaya

A ofis Mai Tsari ake ce masa, a gida kuwa Auta ne, ko da yake furfura ta fara cin gemunsa. Aikinsa shi ne zana hanyar da haske zai bi cikin wayar gilashi daga wannan unguwa zuwa waccan, ɗauke da gulmar jama'a da hotunan da ba wanda ya roƙa. Kowane akwatin na'ura sai ya sa masa katin sarrafawa biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na ko-ta-kwana. Mutane ne kawai bai ga amfanin ajiye biyu ba. Bara da Manaja ya ce a rage ma'aikata, shi ya rubuta cewa injiniya ɗaya ya isa. Wanda aka sallama mijin yayarsa ne.

Ranar Talata da safe aka cire tsofaffin katuna aka sa sababbi, don a buɗe wa wata jami'a hanyoyin haske takwas kafin ƙarfe sha biyu. Fitilu suka kama kore shar, hanyoyi suka ƙi buɗuwa. Ashe lasisin, wato izinin da maƙeran na'urar ke sayarwa, a ɗaure yake da lambar tsohon kati. Kayanka ne, ka saya, amma sai an yarje maka zai yi aiki. Ci gaba ke nan.

Kafin a mai da lasisi kan sabon kati, sai an tura lambar sirri guda shida zuwa wayar wanda ya yi rajista, kuma minti biyar take yi ta mutu. Auta ya ga ƙarshen lambar wayar a allo, ya gane ta mijin yayarsa ce.

"Sha biyu," in ji Manaja. "In ta wuce, zan duba ko mai tsari ɗayan ma bai yi mana yawa ba."

Auta ya ɗauki kwamfuta ya tafi gidan yayarsa. Ya sami mijin nata, Injiniya, a tsakar gida, ya kwance fanka yana goge ta.

"Waya? Ai na ba yayarka. Ni yanzu wa ke nema na?"

Yaya tana kan keken ɗinki, ba ta ko ɗago ba.

"Lale, baƙo! Ɓatan hanya ka yi?"

"Yaya, don Allah, saƙo zai shigo yanzu. Lamba shida kawai za ki karanta min."

Wayar ta yi ƙara. Ta nemo tabarau, ta huhhure shi, ta goge da bakin zane.

"Huɗu," ta ce. "Shekarunka ke nan da ka yi ƙyanda, ni na yi ta goyonka."

"Na gode, Yaya. Ta gaba?"

"Tara. Wata tara rabonka da ƙofar nan."

"Aiki ne ya yi yawa."

"Dole ya yi yawa, tunda ka kori mai taya ka. Sifili. Wannan kam hankalinka ne."

Minti huɗu suka tafi a kan lamba biyar. Ta shidan ta faɗe ta saura daƙiƙa goma, kamar wadda ake cire wa haƙori. Auta ya danna. Layuka takwas suka koma kore ɗaya bayan ɗaya. Ya share zufa, ya rufe kwamfuta, har ya fara laluben takalmi.

"Na biyun fa?" in ji Injiniya daga tsakar gida, yana ɗaure ƙusa.

"Wane na biyu?"

"Katin ko-ta-kwana. Shi ma da lambarsa, shi ma da lasisinsa. Ka bar shi haka, ran da na farko ya yi tari, takwas ɗin nan gaba ɗaya za su mutu, kai kuma ka bi su. Ba a rubuta a littafin ba. Ni ma sai da na ƙone yatsa na sani."

Auta ya zauna. Sha ɗaya da kwata. Ya dubi Yaya, ya ga ta cire tabarau ta jefa cikin kwandon zare.

"Idona ya gaji," ta ce.

"Yaya, ki yi wa Allah."

"Kai dai ka iya rubutu. Da shi ka fitar da mutum, ai bai ƙare maka ba."

Ya buɗe kwamfuta ya rubuta wa Manaja cewa an sami kuskure a tsarin bara: kamar kati, injiniya ma biyu ake bukata. Yaya ta sa ya karanta da ƙarfi, ta sa ya goge "an sami" ya rubuta "na yi". Sai da ta ga saƙon ya tafi sannan ta ce a turo lamba. Wannan karon a numfashi ɗaya ta karanta, ba ma tabarau.

Allon ya tambaya ko za a canza lambar waya. Auta ya kai yatsa.

"Bar ta a nan," in ji Yaya. "Sau nawa ake sabunta abin?"

"Duk shekara," in ji Injiniya.

"To, madalla. Ko ba komai, mun sami ranar ganinka."