Layi na Huɗu

Shekara talatin Baba Canji yana juya wa jiragen ƙasa layi a tashar nan, kuma kowace safiya abu ɗaya yake gani. Jirgin kaya ya shigo ya mamaye layi na ɗaya, na fasinja ya tsaya a waje rabin awa, mutane na jiƙewa da gumi a ciki.

Ya sha faɗa a riƙa kai na kaya layi na huɗu. Shugabanni uku suka ce layin ya yi gajere. Ya ce ya auna da ƙafarsa, yana cin tarago arba'in da biyu. Suka yi masa kunnen uwar shegu.

Sabuwar shugabar tasha ce ta saurare shi. Ya jera mata tsinken ashana a kan tebur a matsayin layuka da taragu, ta duba.

"Gobe mu gwada, Baba. Amma in wutsiyar jirgin ta tare mahaɗa, tasha ta tsaya cik. Ni da kai za mu sha tambaya."

"Ba za ta tare ba."

Da safe ya ja ƙarfen juya layi, jirgin kaya ya karkata layi na huɗu. Ya tsaya yana ƙirga taragu. Arba'in da biyu suka wuce, sai ga wani a baya. An ƙara shi a hanya, ba wanda ya sanar. Jirgi ya tsaya, taragon ƙarshe zaune daram a kan mahaɗa. Ga kukan na fasinja daga nesa.

Ya ɗaga oba-oba ya kira direba.

"Gajere, matsa gaba."

"In matsa ina, tsoho? In hau katangar ƙarshen layi?"

"Daga hancinka zuwa katanga taku ashirin ne. Da gangan na bar su."

"In na rushe ta, kai za ka gina."

"Matsa."

Jirgi ya ja jiki kamar hawainiya. Ƙafar ƙarshe ta sauka daga mahaɗa, ta wuce alamar iyakar mahaɗar da ɗan abin da bai kai kamu ɗaya ba. Baba ya mayar da ƙarfe, ya ɗaga koriyar tuta. Na fasinja ya shige layi na ɗaya kai tsaye.

Ya zauna a benci. Ya ɗora tutar a cinya.

Shugaba ta iso tana haki, littafi a hannu.

"Ashe arba'in da uku yake ci, Baba."

"Rubuta arba'in da biyu," in ji shi. "Na ukun aro Allah ya ba mu."