Kwanan da Kaisar Ya Ajiye

Fasfo, takardar jirgi, tabarau, carbi, goro biyu, katin shiga mota na 'yarta, da jaka babu komai ciki. Da su Hajiya Hansai ta hau bas daga unguwar Plumstead zuwa Peckham, can ƙasar Turawa, za ta sayo gero da tsamiya na sunan da ba za ta gani ba.

Jikanta na fari ya makara da mako biyu. Sai ranar Alhamis, ashirin da biyu ga Fabrairu, aka ciro shi ta tiyata. Surukinta Lawal, da ya yi kwana uku a kujerar asibiti, ya ƙirga a yatsu ya ce suna ya faɗo ɗaya ga Maris. Ranar ce jirginta zai tashi da safe, bizarta kuma washegari take ƙarewa. Ba ta yi kuka ba. Ta dai daina cin abinci sosai.

Malam Obadiah, maƙwabcinsu, shi ya rako ta don ba ta san hanya ba. Ya koyar da tarihi a Kafanchan shekara ashirin, yanzu gadi yake yi a wani kanti.

"Hajiya, kin yi shiru."

"Me zan ce? Na zo tun daga Zariya, na yi wata shida a sanyi, a raɗa wa yaro suna ina sama."

"Wace rana ce sunan?"

"An haife shi Alhamis, ai Alhamis ne. Ni da kwanaki nake lissafi, ban san lambobinku ba."

Ya karɓi takardar jirgin ya duba, ya ciro waya ya sake dubawa.

"Jirginki Juma'a ne."

"Lawal ya ce rana ɗaya ce."

"Lawal ya tsallake kwana. Bana Fabrairu ashirin da tara ne. Suna Alhamis, ki tashi Juma'a."

Ta sa tabarau, ko da yake ba ta iya karanta rubutun ba. Ta sa shi ya ƙirga mata a fili, sau biyu. Sannan ta jingina da kujera, ta sauke numfashi.

"Daga ina kwanan ya fito?"

"Wani sarkin yaƙin Rum, Yuliyas Kaisar. Ya ga kalandarsu ta kauce wa damina da rani, ya sa masana suka gyara, aka riƙa ƙara kwana ɗaya duk shekara huɗu. Watan Yuli sunansa ne. Har tsibirin nan da muke ciki ya kawo yaƙi sau biyu."

"Ya ci?"

"Ya dai koma gida."

"Ko shi sanyi ya kore shi. Musulmi ne?"

"Ya mutu kafin a haifi Annabi Isa, Hajiya."

"Mutumin kirki ne dai?"

"Ya kashe mutane da yawa. Shi ma abokansa suka kashe shi."

Ta ja carbinta har bas ya wuce tasha biyu.

"Mu namu watan a sama muke dubawa, naku soja ya tsara. To, hisabinsa ba a hannuna yake ba. Kwanan dai na karɓa."

Ta fasa goro ta ba shi rabi. A shagunan titin Rye Lane ta sayi ninkin abin da ta yi niyya, har Malam Obadiah ya ce da ya sani da ya yi shiru sai sun dawo, tunda shi ne ɗan dako.

A gida ta tarar da Lawal yana waya da matar da zai ba aikin abincin suna. Ta ajiye masa takardar jirgin a cinya.

"Likita guda, wata ya fi ƙarfinka. Duba Alhamis."

Ya duba wayarsa, ya dafe kai.

"Hajiya, wallahi na manta shekarar..."

"Je ka yi barci."

Ta ja jakar geron zuwa kicin, ta rufe ƙofa. Daga ciki ya ji muryarta.

"Ka ce wa matar an yi cancel. Ni zan dafa."