Sunan da Hamma Ya Kira a Filin Langa

Hamma bai taɓa kiran ɗansa da sunansa ba. Ɗan fari ne, sannan sunan mahaifin Hamma ya ci, Malam Jalaluddeen. Mutanen gida Maisuna suke ce wa yaron. Hamma ko wannan ba ya faɗa. In yana nemansa sai ya ce "kai", in zai yi maganarsa sai ya ce "yaron nan", idonsa na wani wuri.

Yaron ya taso ba ƙwari. Abinci sai da lallashi, tari ba ya rabuwa da shi, in baƙi suka zo ya ɓuya bayan rumbu. Ana haka Malam Musaddiƙ, mai koyar da wasanni a firamarensu da ke wajen Roni, ya sa shi a langa.

Musaddiƙ mutum ne mai baki. A teburin mai shayi yakan ce lambar zinaren da ake ba zakarun duniya yawancinta azurfa ce, zinaren shafe ne kawai. Yakan ce langar nan da ake rainawa har gasar ƙasa ana kai ta, kuma yaron da ya yi gumi da yamma ya fi riƙe karatu da safe. Ana yi masa dariya. Hamma ma yakan yi. Amma ya ga abin da ya gani a gida: yaron ya fara cinye tuwonsa har ya nemi ƙari, tarin ya yi sauƙi, kuma ran nan ya ji shi yana musu da yaran maƙwabta da murya sama.

Tsoho, mahaifin Hamma, bai ga haka ba. Ya ce tsalle da ƙafa ɗaya ba aikin ɗan mutane ba ne, daga mako mai zuwa yaron ya koma bin maruƙa da yamma. Shatu, uwar yaron, ta ɗago ta dubi mijinta. Hamma ya sunkuyar da kai. Namiji ba ya tsayawa gaban ubansa ya roƙa wa ɗansa na fari wani abu. Sai a ce ya nuna so, ba shi da kunya.

Da ya rasa bakin magana sai ya yi dabara. Ranar kasuwar Roni yaran Gwiwa za su zo karawa, filin kuma a bakin hanya yake. Ya ɗauki tsoho a babur suka je sayen gishirin shanu. A hanyar dawowa, daidai filin, ya kashe babur ya ce inji ya yi zafi. Bai taɓa yi wa mahaifinsa ƙarya ba. Ya tsuguna yana taɓa abin da lafiyarsa ƙalau, wuyansa na gumi.

Tsoho ya sauka ya tsaya a inuwar darbejiya, cikin dattawan da suka zo kallo. Aka gaggaisa, aka ba shi wuri.

Kowane yaro ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗayar. Wanda ya saki ko ya faɗi ya fita. Kowane ɓangare da ruwansa, wato yaron da sauran suke karewa har ya kai masha, gindin wata tsamiya a ƙarshen fili. Ruwan Roni a ranar Maisuna ne.

Yana tafiya kamar ba shi ba. Ya goce wa ɗaya, ya bangaje wani da kafaɗa. Hamma ya saci kallon tsoho, ya ga ya daina jan carbi. Saura kaɗan yaron ya kai, sai wani dogon yaron Gwiwa ya zagayo ta baya, ba wanda ya lura.

"Jalaluddeen, bayanka!"

Hamma ne. Bai san sanda ta fita ba.

Tsoho ya waiwaya da sauri ya duba bayansa. Ba kowa sai wata akuya. Rabon da a kira shi da gundarin sunansa tun rasuwar yayyensa.

A cikin fili kuma yaron ya tsaya cak. Ya san muryar, bai taɓa jin ta da wannan sunan ba. Ya juyo yana neman ubansa, hannunsa ya saki ƙafar. Musaddiƙ ya busa usur. Gwiwa ta ci.

Dattawan ba su yi dariya ba, abin da ya fi ƙona Hamma ke nan. Ɗaya ya shiga gyaran hula. Wani ya ce wa tsoho a hankali, "Malam, ashe har yanzu kana cikin 'yan wasa." Samari ne suka fashe a bayansu, wani yana maimaita "bayanka" da siririyar murya.

Babur ya tashi bugu ɗaya. Tsoho ya dubi injin, ya dubi Hamma, ya hau. Har gida Hamma ya riƙa jin nauyin mutumin a bayansa kamar ya ɗauko dutse daga Kazaure.

Bai shiga cikin gida ba sai da aka kira magariba. Labari ya riga shi. Shatu ta ajiye masa ruwan alwala ba ta yarda sun haɗa ido ba. Yaron yana zaune a ƙofar ɗakin kakansa, ƙafafunsa duk ƙura.

Bayan salla tsoho ya yi magana, ba da Hamma ba, da Shatu, yadda kowa zai ji. Ya ce yaron ya iya, da ba a firgita shi ba da ya sha. Ya ce ba a barin abu a kan faɗuwa, ya ci gaba da zuwa.

"To Baffa, maruƙan fa?" in ji Shatu.

"Akwai mai murya a gidan nan. Daga nesa ma za su ji shi."

Hamma ya ce to.

Washegari da la'asar ya kora maruƙa ta bayan gari, ya bi doguwar hanya don kada ya wuce teburin mai shayi. Daga fadama ana jin usur ɗin Musaddiƙ sama-sama. Ya tsaya ya saurara kaɗan, sannan ya bi wani ɗan maraƙi da ya nufi gonar gyaɗar mutane.