Askin Merle

"Riƙe rezar da kyau, Darlene, ba dankali kike ferewa ba."

Darlene ta ɗaga rezar daga damtsen Merle, ta harare shi. Tun zuwanta unguwar shinge ɗaya ya raba gidajensu, bai taɓa roƙonta ko gishiri ba. Yau da kofi ma ya gagare shi ɗauka, sai ya aika aka kirawo ta. Aski yake so, ba na gemu ba, na hannu da ƙirji. 'Yarsa ta ƙi taɓawa, ta koma kicin tana kuka.

"Likita ya ce maganinka na tsinka jini, tsoho. In na yanke ka, ba zai tsaya ba."

"To, kar ki yanke ni mana."

A talabijin ɗin da ke ƙarshen gado, samarin jami'o'i sun jeru a bakin ruwa, ranar ƙarshe ta gasar ninƙaya ta ƙasa. Merle ya taɓa tsayawa a wannan layi tun hoto yana baƙi da fari. Na biyar ya zo, kuma ba wanda bai sha labarin ba a unguwar.

"Duk lokacin sanyi mukan bar gashi ya tsiro kamar na tumaki," in ji shi, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Jajibirin gasa a aske. Kina faɗawa ruwa, sai ki ji kamar yau aka haife ki. Ba a shiga zagayen ƙarshe da gashi."

Darlene ba ta tambaye shi wane zagaye ba. Ta ƙara kumfa, ta ja fatar nan mai kama da takarda, ta bi ta a hankali har wuyan hannu. Ko ɗigon jini babu.

"Ba laifi," ya ce. "Da kin yi wanzanci."

"Rufe mini baki."

"Ruwa fa?" in ji shi.

Ta kawo sanyayye a roba, ta tallafi hannunsa ta tsoma har gwiwar hannu. Ya ja numfashi, fuskarsa ta saki.

"Yauwa. Shi ne."

Ya haɗe yatsunsa, ya ja ruwan sau ɗaya zuwa jikinsa. Aka busa ƙaho a talabijin, samarin suka faɗa. Darlene ba ta waiwaya ba. Ta ci gaba da riƙe hannun, har ruwan robar ya daina motsi, numfashinsa ma ya tsaya.