Likitan Ido a Zagreb

"Matso gaba, ɗan Zagreb! Ko a can ba a koya muku tuƙi ne?"

Vinko ya taka birki har motar ta girgiza. Mai yi masa ihun Frane ne, ma'aikacin jirgin ruwan da ke ɗaukar motoci zuwa tsibiri, wanda suka zauna benci ɗaya a firamaren tsibiri. Frane ya cusa katako a ƙarƙashin taya, ya leƙo ta taga, hancinsa ja wur don sanyi.

"Ka taki sa'a. Muguwar iskar arewa na tasowa, muna sauke ku za mu juyo, daga nan sai yadda hali ya yi. Me ya kawo ka a Janairu? Ba iyo, ba 'yan matan Jamus."

"Mama zan kai wurin likitan ido. Sati biyu mu dawo."

Frane ya dubi kujerun baya da aka kwantar, fili fetal kamar motar mai ƙaura. "Sati biyu," ya ce. Ya bugi rufin motar ya wuce.

Tun asuba Vinko ya baro Zagreb, ya ratsa duwatsun Lika a bayan motar share ƙanƙara, yana ta maimaita ƙaryar nan har ta zauna masa a baki. Gaskiyar magana, gado ya kama wa mahaifiyarsa Perina a gidan tsofaffi. Kafin Kirsimeti ta zame a tsakar gida, ta kasa tashi, sai da maƙwabciyarta Luce ta ji kukan kaji bai ƙare ba ta leƙo. Likita kuwa ba ya zuwa tsibirin sai teku ta yarda. Amma Perina ta sha faɗa cewa kusa da mijinta za a kwantar da ita, wanda duk ya fitar da ita daga tsibirin nan ba zai gama da duniya lafiya ba.

Teku ta yi ta wasa da jirgin kamar kwanon gwangwani. Kofin kofi ya zame daga gabansa ya tarwatse. Bai ko sunkuya ba.

Da ya sauka, ya tarar da garin tsit, tagogi duk a garƙame. Ya haura layinsu a guje, yana ɗaga kai ya ga babu hayaƙi a bututun gidansu. Ya ɗauka wani abu ya sami mahaifiyarsa.

Ashe tana zaune a bakin ƙofa, cikin baƙar rigar sanyinta ta zuwa coci, jaka a cinya. Luce na tsaye a gefe, maɓallin gidan a hannunta.

"Ka makara," in ji Perina. "Kuma ka rame. Matar nan taka ba ta girki ne?"

Ya sumbace ta a kumatu, idonsa na yawo. An kashe murhu, an kwashe tokar. An naɗe bishiyar lemo da tsohon bargo. Akurki a buɗe, wayam.

"Mama, ina kajin?"

"Na ba Luce."

"Don sati biyu?"

"Ai sha'anin ido ba a yi masa gaggawa, ɗana."

Luce ta kau da kai, tana goge hanci da gefen ɗankwali.

Jirgi ya busa ƙaho daga ƙasa. Vinko ya shiga jidar kaya: akwati, jarkar man zaitun, busasshen ɓaure, hoton babansa. Na ƙarshe wani ƙunshi ne a farin zanen gado, yana ƙamshin furen lavanda. Yana ɗagawa ya gane ko mene ne.

Ya san shi tun yana yaro. Kowace tsohuwa a tsibirin tana da irinsa a ƙasan akwatinta: baƙar riga, safa, mayafi, carbi, da takalmin da bai taɓa taka ƙasa ba. Kayan da za a sa mata ranar binnewa. Ba ya barin gida sai mai shi ta san ba za ta dawo ba.

"Sa shi a sama," in ji Perina, "kada mai ya ɓata shi."

Ya tsaya da ƙunshin a ƙirji, iska na dukan kunnuwansa. Jirgi ya sake kira. Sai ya juya ya miƙa wa Luce, wadda yake kira Teta, wato inna.

"Teta Luce, ajiye wannan a wurinki."

Luce ta ƙi karɓa tukuna. "Ka san me kake yi, Vinko? In ka bar shi a nan, dole ka dawo da mai shi. Da iska, ba iska."

"Na sani, Teta."

Ta karɓa da hannu biyu.

Perina ta riga ta shiga mota. Ta sauke gilashi. "Luce, ki riƙa shanya shi, kada asu ya ci. Kuma jar kazar nan ɓarauniya ce, ki sa mata ido."

Suka gangara. Ba ta waiwayi gidan ba ko sau ɗaya. A bakin jirgi Frane ya cire hularsa, ya ba su hanya.

"To, likitan nan naka," ta ce, tana gyara jaka a cinya, "yana da kirki?"

Vinko ya damƙe sitiyari. "Babu wani likita, Mama."

"Na sani," ta ce. "Matsa gaba, yaron nan yana jiranka."