Haske na Biyu

Ranar da gwajin ya yi, Dakta ko farar rigar aiki ba ta cire ba, ta tari mota sai gidan Malam.

Shi ya koyar da ita a jami'a. Ya ƙarar da ƙarfinsa kan neman hanyar lalata wani maganin ƙwari mai taurin kai, wanda ba ya ruɓewa a ruwa saboda sinadarin kulorin da ke manne da shi. Dabarar Malam ita ce a zuba rini a ruwan a haska shi da shuɗiyar fitila. In rinin ya sha haske sai ya zabura, ya miƙa wa maganin ƙwayar lantarki, kulorin ya saki, maganin ya ruɓe. Amma kullum zaburar takan mutu kafin a kai ga miƙawa. Har ya yi ritaya abin bai yi ba. Dakta ce yanzu ta gano sai an ƙara wa rinin haske na biyu, kore, tun bai huce ba.

Matarsa ce ta buɗe ƙofa. "Shigo, 'yata. Yau da sauƙi, ya ci abinci. Amma da ciwon mantuwar nan, kada ki sa rai zai gane ki."

Yana zaune bakin taga, an rufa masa bargo a gwiwa. Ta durƙusa.

"Malam, ni ce Sarkin Fasa Kwalba."

Shi ya laƙaba mata sunan, amma ya yi mata murmushin da ake yi wa baƙo. Duk da haka ta zayyana masa komai.

Can sai ya ɗago yatsa. "Kin kori iskar da ke cikin ruwan? Oksijin ɓarawo ne, shi ke kashe zaburar."

Muryarsa ce ta da, sak.

"Na kora, Malam."

"Kin gwada a duhu?"

"A duhu ba ya yi."

"To aikin haske ne." Ya jinjina kai. "Madalla. Ki je ki faɗa wa malaminki, zai ji daɗi. Yana nan da rai?"

Ta ce, "Yana nan."

"Ki gaishe shi."

Ta tashi ta bi matarsa kicin. Tsohuwar ta buɗe famfo ta bar ruwan yana zuba don kada ya ji su, suka tsaya jikin wurin wanke-wanke suna kuka.