Ranar da Na Ɗinke Maƙalar Salamatu

Tun da na ga hadari ya haɗo ta wajen Dutsen Kura na san yau sai an yi ɓarna a gidan nan. Ban dai san ni zan yi ta ba.

'Yata Salamatu tana shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai. An ba ta maƙala kan yadda jirgin ƙasa ya kawo baƙi Minna, in ba ta miƙa ranar Litinin ba sai ta maimaita shekara. Ni tela ne, a firamare na tsaya, amma duk wanda ya kawo ɗinki a makon nan sai da ya ji labarin maƙalar.

Malaminta ya ce kada ta fara rubutu sai ta tsara. Ta yayyanka takarda, kowane yanki da magana guda, ta jera a tabarma a tsakar gida: gabatarwa a sama, hujjoji a tsakiya, kammalawa a ƙasa.

"Baba, kada kowa ya taɓa," ta ce, ta tafi Sabon Gari yi wa wani tsohon direban jirgi tambayoyi.

Iska ta taso. Na bi takardu har bakin rijiya, hulata ta faɗi ban kula ba. Don kada su sake tashi, na hau keken ɗinki na ɗinke su, babba na bin babba, ƙarami na bin ƙarami. Suka fito zabgegen abu kamar rawani. Har rawa na taka.

Da ta dawo ta ɗaga shi, sai dariya ta ƙwace mata har ta zauna a ƙasa.

"Baba, ka sa jirgin ya iso kafin a shimfiɗa layin dogo."

"Amma ɗinkin ya yi kyau?"

"Ko guguwa ba ta farke shi."

Na ɗauko reza. Ina farkewa tana karantawa, muna ta ƙyaƙyatawa, mahaifiyarta na cewa gidan ya haukace. Uku muka samu sun maimaita juna, ta zubar. Kammalawar da na ɗinka a sama kuwa ta hana ni taɓawa, wai da ita za ta buɗe, mai karatu ya san inda aka dosa.

Ta rubuta, ta gyara, ta miƙa ranar Litinin. Da muka share tsakar gida muka tsinci yanki ɗaya bayan randa, ruwa ya wanke tawadar. Har yau ba mu san me ke jikinsa ba, sakamako kuma bai fito ba.